Kunya Wajen Neman Haƙƙi, Taurin Kai Wajen Karɓar Gyara

Matasanmu da suka rungumi aikin jinga ta intanet, masu zane da fassara da gina shafuka da naɗar murya, suna da wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Inda ya kamata su tsaya kai da fata, wato wajen maganar kuɗin aikinsu, nan kunya take kama su. Inda kuma ya kamata su kwantar da kai su saurara, wato idan mai aiki ya ce a gyara, nan suke tada jijiyar wuya. Sun sa abin a baibai, kuma asarar tana hawa kansu ta fuska biyu.

Kunyar nan ba daga sama ta faɗo ba. An tarbiyyantar da mu cewa yaron kirki ba ya yanka wa babba farashi. Shi ya sa za ka ji matashi ya kwana uku yana haɗa wa wani Alhaji tallar shagonsa, da aka tambaye shi nawa ne, sai ya ce, "Haba Alhaji, ko nawa ka bayar Allah Ya sa albarka." Alhaji ya ce zai neme shi. Wata ya wuce, wata biyu, ba amo ba labari. Yaro na jin nauyin tuni, sai dai ya riƙa aika gaisuwar Juma'a ta WhatsApp ko Allah zai sa a tuna da shi. Wannan ba tarbiyya ba ce. Kunyar mara kunya asara ce, kuma mai cin guminka ya yi shiru ba ya cikin waɗanda ake jin kunya.

Addini ma bai ce a bar ciniki a dunƙule ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta cewa a jinga dole a san aikin, a san ladan. Saboda haka matashin da ya rubuta wa mai aiki cewa ga abin da zan yi, ga ranar da zan gama, ga kuɗina, ga adadin gyaran da ke ciki, sannan ya nemi kafin alƙalami, bai yi rashin kunya ba. Rigima ya toshe tun ba ta taso ba.

A manyan dandalin wannan sana'a an riga an gina wannan kariya. A Fiverr mai saye ne ke fara biya, kuɗin su zauna a hannun kamfanin. Idan ka miƙa aiki bai ce komai ba har kwana 3, an ɗauka ya karɓa. Kamfanin ya cire kashi 20 cikin 100, ragowar kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cirewa. Aikin dala 100 ke nan, 80 ce taka, kuma ba yau ba. A Upwork, idan aikin na ƙayyadadden farashi ne, mai aiki yana zuba kuɗin kowane mataki a ajiya kafin a fara, in ka miƙa ya yi shiru har kwana 14, a sakar maka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Haka fatoma yake tsayawa tsakanin baƙon falke da mai saye a cinikin goro da shanu, ya ci la'adarsa, amma dukiyar baƙo ba ta salwanta.

To, la'adar ce ke tsone wa sabon shiga ido. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a hukumance kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500 a 2024, kowace dala ɗaya ta zama abin lissafi. Sai wani ya turo saƙo: mu koma Telegram, in biya ka kai tsaye, ba mai cire maka ko sisi. Mafi yawan kukan da ake yi daga nan yake farawa. Wani a karɓi aikin a toshe lambarsa. Wani a turo masa hoton rasit ko alat na bogi. Wani a ce an yi kuskure an tura masa fiye da kima, ya mayar da ragowar, bayan ya mayar a tarar asalin kuɗin ba su taɓa shiga ba. Wani kuma a ce ya biya kuɗin rajista kafin a ba shi aiki. Duk aikin da za a ce ka fara biya kafin a biya ka, ka kama gabanka. Kuma ko mai aikin na gaskiya ne, janye shi daga dandalin da ya haɗa ku saɓa alkawari ne, domin ka amince da sharuɗɗansu ranar da ka buɗe asusu, kuma suna rufe asusun wanda suka kama.

Ɓangare na biyu, wato taurin kai wajen karɓar gyara, shi ya fi damuna, domin a nan laifin namu ne. Mai aiki ya ce launin bai yi ba, ko fassarar ta yi tsauri, sai matashi ya ɗauka an ci zarafinsa. Ya mayar da baƙar magana, ko ya yi fushi ya daina amsa saƙo. Alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya zauna ya rubuto maka abin da bai gamshe shi ba ya yi maka alheri, domin da yawa ba sa faɗa. A Upwork, ban da taurarin yabo da kowa ke gani, akwai bahasin sirri da mai aiki ke bai wa kamfanin, kuma yana shiga cikin makin da ake auna ka da shi. Kana iya ganin an rabu lafiya, alhali an rubuta akasin haka a inda ba ka gani. Abin da ke tsare ka shi ne ka tambaya tun aiki na tafiya: ga inda na kai, haka ake so? In an kawo ƙorafi, ka rarrabe shi. Abin da yake kuskurenka ne, ka gyara ba tare da gardama ba. Abin da yake sabon aiki ne da ba ya cikin yarjejeniya, ka faɗa cikin ladabi cewa wannan ƙari ne, ga kuɗinsa. Akwai masu riƙe tauraro kamar bulala, su ce in ba ka ƙara kaza kyauta ba za su ɓata maka suna. Irin waɗannan ba a lallashinsu, ƙararsu ake kaiwa wurin masu dandalin, da hujjar rubutu a hannu.

Sai kuma abin da ba na iya yi wa uzuri ko kaɗan: sayen yabo. Matasa su haɗa baki, wannan ya buɗe asusun ƙarya ya sayi aikin wancan ya ba shi taurari biyar, gobe a rama masa. Wasu su yi hayar asusun wani da ke Amurka ko Ingila, su sa hoton da ba nasu ba. Hujjarsu ita ce, wai ba a bai wa ɗan Najeriya aiki. Ban musa ba, akwai wariya, kuma tabon 'yan damfara ya shafi mai laifi da marar laifi. Hatta PayPal da ya shigo Najeriya a 2014, damar turawa ya bayar ban da ta karɓa, aka daɗe ana fama da hakan, har mutane suka koma Payoneer da makamantansa. Amma wanda ake zargi da ƙarya ba ya wanke kansa da wata ƙaryar. Shari'a ta hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don yana so ba sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Yabon bogi ɗan'uwansa ne. Ranar da asiri ya tonu, asusu ya tafi, kuɗin da ke ciki su maƙale, kuma ƙanenka da zai zo gobe da sunansa na gaskiya shi zai tarar da ƙofar ta ƙara ƙunci.

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani, ga kuma cibiyoyi masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Jos suna yaye ɗalibai. Ina roƙon masu koyarwa a waɗannan wurare da kada su sallami ɗalibi da iya sarrafa kwamfuta kaɗai. Ku zaunar da shi ya rubuta yarjejeniya da hannunsa, ya koyi yanka farashi ba tare da muryarsa na rawa ba, ya koyi amsa ƙorafi ba tare da zagi ba. Ku kuma 'yan kasuwarmu da ke sa yaran nan aiki, idan an miƙo muku, ku biya a ranar, kada ku jira sai an yi muku tuni.