Masu hawa keke a makaranta, mu yi maganar safa

Na san wasu za su yi dariya: ɗalibin mastas, ga projet a wuyansa, ya zauna yana rubutu a kan safa. To ku yi dariyarku. Ni dai sai da ƙafata ta kusa hana ni zuwa lakca sannan na ɗauki abin da muhimmanci.

Da na zo Ibadan na sayi keke na hannu, saboda kuɗin mota daga Agbowo zuwa cikin makaranta kullum ya fara cin kuɗin abincina. Safar da na taho da ita daga gida nake sawa, irin ta auduga mai kauri ɗin nan da muke sawa da sanyi. A Katsina ba ta taɓa ba ni matsala ba, don iskarmu busasshiya ce, ko ka yi gumi nan da nan ya bushe. Nan kuwa damina tana farawa tun wajen Afrilu har Oktoba, iskar kanta a jiƙe take. Auduga tana shanye gumi ta riƙe shi. Ka taka feda minti ashirin, ka wuni da ƙafa a cikin danshi. Wata biyu ban cika ba tsakanin yatsuna ya yi fari, fata tana saɓulewa, ga kaikayi kamar in cire yatsun. Sai da na je kemis.

Wanda ya fi min ciwo ma ba wannan ba ne. Wata rana bayan azahar wani ɗan uwa Bayarabe ya ja ni gefe, cikin ladabi wallahi, ya ce: "Malam, ka riƙa cire safar nan kafin ka hau kafet." Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu da ake kallo a matsayin masu alwala sau biyar, a ce mu ne ke korar mutane daga sahu?

Ra'ayina shi ne, mai hawa keke a kudu ya rabu da safar auduga zalla. Ka nemi sirirya ta 'yan wasanni, wadda aka saƙa da nailan ko foliyesta, don ita ba ta riƙe ruwa, kuma tana bushewa da wuri. A gwanjo ana samu, ka dai duba robar bakinta ba ta saki ba. Ta kama ƙafa sosai. Safar da ta yi maka yawa tana tattarewa a ƙarƙashin tafi ta jawo bororo. Kuma ta wuce idon sawu, domin mu masu dogon wando da kaftani nan muke cusa ƙafar wandon dama kada kaca ta cafke shi. Fara kam ban ba ka shawara ba, baƙin man kaca ba ya fita.

Wajen wanki aka fi yin sakaci. Ƙafa ɗaya, rana ɗaya. Ka juya cikinta waje kafin ka wanke, can dattin yake. Omo kaɗan da ruwan sanyi sun isa. Bilic da ruwan zafi da guga duk suna kashe roba. Kada ka sa ta da sauran laima don kana sauri. Shi ya sa nake da ƙafa biyar, tunda a watan Yuni shanya tana iya kwana biyu ba ta bushe ba.

Sannan alwala. Yawancinmu muna wanke ƙafa mu zura safa a jiƙe mu wuce laburare. Ni yanzu akwai ɗan ƙyalle a jakata na goge tsakanin yatsu, da safa ɗaya ta canji a leda. Abokin ɗakina har yanzu tsiya yake min wai na zama ɗan gayu, amma jiya na kama shi yana aron ƙyallen.