Masu cewa mu daina cin hanta da ganye sun zo a makare

Wani saƙon murya yana yawo a wayoyin jama'armu tun daga Kalakla har Umdurman, kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje ne suka fi turo shi, da kyakkyawar niyya. Mai maganar yana cewa bitamin A guba ne da ke taruwa a hanta, shi ne tushen ƙaiƙayin fata da gajiya da ciwon gaɓoɓi da sauran cututtukan da likitoci suka kasa gane kansu. Maganinsa, in ji shi, mutum ya ƙaurace wa hanta da ƙwai da madara da man shanu, ya bar karas da kabewa da mangwaro da duk wani ganye kore, ya tsaya a kan farar shinkafa da wake da jan nama. Mun ji wasu matasanmu sun fara gwadawa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne mun ji uwa tana tambaya ko ta hana a ɗiga wa ɗanta ɗigon nan na bitamin A idan ma'aikatan lafiya sun zo unguwa. Saboda wannan uwa da ire-irenta muka ɗauki alƙalami.

Wannan ra'ayi yana da asali, kuma ya kamata a san shi. Wani injiniya ɗan ƙasar Kanada mai suna Grant Genereux ne ya yaɗa shi wajen shekarar 2014, bayan ya yi fama da ciwon fata. Ya cire wannan sinadari daga abincinsa, ya ce ya samu sauƙi, sai ya rubuta littattafai ya sake su a intanet yana cewa bitamin A ba bitamin ba ne sam. Mutumin ba likita ba ne, kuma babbar hujjarsa ita ce jikinsa da labaran waɗanda suka bi shi. Ba mu ƙaryata cewa ya ji sauƙi ba. Muna dai cewa labarin mutum ɗaya mai ƙoshi a Kanada ba ya isa a ɗora rayuwar yaran Kalakla a kansa.

Mu kuwa an riga an gwada wannan tsarin abinci a kanmu, ba tare da an nemi yardarmu ba. Tun daga 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, me muka ci? Waɗanda suka zauna a Kalakla ba su fita ba sun san amsa. Kasuwar Laffa ta yi watanni ba ta da abin kirki, nama ya fi ƙarfin talaka, madara ta zama labari, ganyen da ake kawowa daga gonakin bakin Farin Nilu ya yi wuya. Takiyya ce ta riƙe rayuka: layi da kwano tun da safe, a samu adas ko ful ko shinkafa ko balila. Allah ya saka wa matasan da suka tsaya a kan tukwanen nan da alheri, domin ba don su ba da an binne mutane da yawa. Amma kowa ya duba abin da ke cikin kwanon zai ga hatsi ne da dangin wake, wato abincin da saƙon muryar ke yabo, sai dai babu jan naman. Wanda yake so ya san amfanin wannan tsari, ya dubi yaran da suka yi shekara biyu a kansa. Jiki magayi.

Kakanninmu ba su san kalmar bitamin ba, amma sun san dundumi. Ba a raɗa wa ciwo suna sai an daɗe ana ganinsa. Yaro yana wasa lafiya da rana, da magariba ta yi sai ya dinga laluben bango, ya taka kwano, ya kasa gane fuskar uwarsa a tsakar gida. Dalilin haka a yau sananne ne. A bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, kuma abin da yake aiki da shi a cikin duhu daga bitamin A ake gina shi. Wani masani ɗan Amurka, George Wald, ya samu kyautar Nobel a 1967 saboda bayyana yadda wannan ke faruwa. Idan rashin ya yi nisa, farin ido ya bushe, wani tabo mai kama da kumfa ya fito a kansa, daga nan gaban idon ya yi laushi ya gyambace. Idan yaron ya rayu, hakiya ta rufe idon har abada. Tsoffin Misirawa, maƙwabtanmu na arewa, sun rubuta hanta a matsayin maganin makantar dare dubban shekaru kafin a gano sinadarin kansa a 1913.

Ido ne kawai ake gani, amma ɓarnar ta fi shi faɗi. Bitamin A ne ke kula da lafiyar fatar cikin hanji da ta hanyoyin numfashi, inda ƙwayoyin cuta ke fara neman shiga. Yaron da ya rasa shi, zawo yana kayar da shi da wuri, ƙyanda kuma tana iya tafiya da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda wannan rashi, kuma rabinsu suna mutuwa cikin wata 12 da rasa ganinsu. Wani likitan ido, Alfred Sommer, ya yi bincike a yankin Aceh na Indunisiya wanda aka buga a 1986, ya ga cewa ɗiga wa yara bitamin A ya rage mace-macensu da kimanin kashi 34 cikin 100. Mu ma ba sai mun je Indunisiya ba. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa yara fiye da 1,200 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a sansanonin jihar Farin Nilu tsakanin Mayu da Satumba na 2023, a dalilin ƙyanda haɗe da tamowa. Wannan jiha tana kudu da mu kaɗan, a bakin kogin da muke sha.

Gaskiya ta wajaba mu faɗi abin da zai iya zama hujja ga abokan jayayyarmu. A ƙarshen shekarun 1980 an yi wani babban bincike a nan Sudan, a ƙauyukan Khartum da Jazira, a kan yara fiye da 28,000, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 1992. A wannan binciken, ɗigon da aka ba yara duk bayan wata 6 bai rage mace-mace ba. To, amma masu binciken sun kuma bi diddigin abin da yaran ke ci a gida, sai suka tarar cewa waɗanda abincinsu ya fi wadata da bitamin A sun fi tsira da rayukansu. Ashe ko binciken da ya fi kowanne sanya shakka a kan ɗigon bai ce a bar ganye ba, tukunyar gida ya nuna da yatsa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai kuwa, bayan ta haɗa bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, ita ce a ci gaba da ɗigon a wuraren da ake da rashi.

Haka kuma ba mu musa cewa yawan bitamin A yana cutarwa ba. Zuma ma da zaƙi da harbi. Shi sinadari ne da ke narkewa cikin mai, jiki yana ajiye shi a hanta, ba ya fita da fitsari kamar wasu bitamin. Babban mutum namiji yana bukatar kimanin maikirogiram 900 a rana, mace 700, kuma masana sun sa 3,000 a matsayin iyakar da bai kamata a dinga wucewa kullum ba. Wanda ya dage da shan ƙwayoyi masu ƙarfi wata da watanni zai iya samun ciwon kai da zubar gashi da lalacewar hanta. Mace mai ciki ba a ba ta ƙwaya mai ƙarfi, ba a kuma son ta yawaita cin hanta, musamman a watannin farko, domin yawansa yana iya nakasa ɗan tayi. Masu son marara da kibdar safe a kullum su ma su sassauta. Amma launin da ke cikin ganye da karas da kabewa wani abu ne dabam: jiki yana juya shi zuwa bitamin A gwargwadon bukatarsa, idan ya yi yawa iyakarsa tafin hannu ya yi rawaya ya koma daidai. Duk wannan gargaɗi ne a kan wuce gona da iri, babu inda ya ce a bar abin baki ɗaya. Ba mu taɓa jin wanda ya daina sa gishiri a miyar gidansa har abada don wani ya sha kanwa ta yi masa yawa ba.

Me ya sa masu gwada wannan tsari a Turai da Amurka suke cewa sun ji daɗin jikinsu? Akwai dalilai da ba sa bukatar a kira bitamin guba. Mutumin da ya koma shinkafa da wake da nama ya bar kayan gwangwani da kayan zaƙi da tarin ƙwayoyin da yake sha ba bisa ƙa'ida ba. Wani kuma dama madara ba ta karɓe shi ba, da ya bar ta cikinsa ya lafa. Babban dalilin kuwa shi ne rumbu. Hantar babban mutum da ya girma cikin wadata tana ɗauke da ajiyar da za ta kai shi watanni masu yawa, wani ma fiye da shekara, ko da bai ƙara ci ba. Yana cin tsohuwar ajiya ne yana zaton ya gano sirri. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Jariri kuwa ana haihuwarsa da 'yar ajiya ƙanƙanuwa, nonon uwa ne ke cika masa, uwar kuma daga abin da ta ci take bayarwa. Uwa mai shayarwa da ta bi wannan saƙo, rayuka biyu ta sa a caca.

Akwai wani abin kunya a cikin lamarin da ya shafe mu musamman. Mu Hausawan Sudan, tun daga waɗanda suka biyo hanyar aikin hajji da ƙafa har zuwa waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da noma da su da kasuwancin abinci aka san mu. Iyayenmu mata sun riƙe miyar kuka da zogale da rama da yakuwa da lalo, wanda maƙwabtanmu ke kira khudra. Tafasar da muke kwaɗo da ita, ita ce ganyen da mutanen yammacin ƙasar nan ke sarrafawa su yi kawal. An sha yi mana dariya a kan cin ganye, ana kiransa abincin talaka. Yanzu da ilimi ya tabbatar da cewa wannan miya tana cikin abin da ya tsare idanun 'ya'yanmu, sai mu zubar da ita don wani ya yi magana da Turanci an fassara mana? A Nijeriya, ƙasar kakanninmu, hukuma tilasta wa masana'antu ta yi su ƙara bitamin A a cikin sukari da man girki da fulawa, domin ta san irin rashin da ake fama da shi.

Tun da jama'a suka fara komawa gidajensu bayan watan Maris na 2025, aikin da ke gabanmu shi ne mayar da launi cikin tukunya. Duk gidan da ke da ɗan fili da ruwan wanke-wanke zai iya dasa zogale, cikin 'yan watanni a fara tsinka. Rijla da jirjir da khudra sun fi nama araha nesa ba kusa ba. Kabewa tana daɗewa ba ta lalace ba, lokacin mangwaro kuma a bar yara su sha. A sa ɗan mai ko dakwa a miyar ganye, domin sai da maiƙo hanji ke iya tsotse sinadarin. Idan za a busar da ganye a shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. 'Yar hanta kaɗan sau ɗaya a mako ta wadatar da yaro. Masu kula da takiyya da masu aiko musu da taimako daga waje, muna roƙonsu su sa kuɗin ganye da kabewa a cikin lissafi tare da na adas.

Idan ma'aikatan lafiya sun zo da ɗigon, a fito da yara: shuɗin na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, jan na 'yan wata 12 zuwa 59, ana maimaitawa duk bayan wata 4 zuwa 6. Kada a saya a kasuwa a dinga ba yaro a gida ba lissafi, kada kuma a ɗauka ya maye gurbin allurar rigakafin ƙyanda. Yaron da ƙyanda ta kama a kai shi asibiti, a can za a ba shi kashi biyu a kwana biyu a jere. Yaron da aka ga yana lalube da magariba, kada a jira gari ya waye sau biyu. Babban mutum da ke fama da ciwon fata ko gajiyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yana da haƙƙin neman sauƙi, amma ya je a duba jininsa da hantarsa kafin ya yanke wa kansa hukunci.

Ga 'yan'uwanmu na Jidda da Alƙahira da Landan kuwa, mun san ƙauna ce ta sa kuke turo mana duk abin da kuka ji an ce yana da amfani. Wannan karon ku riƙe saƙon a wajenku. Idan akwai abin da za ku turo, ku turo kuɗin cefane, mu sayo kabewa da hanta a Laffa. Allah ya tsare mana idanun 'ya'yanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.