Gyaran Gida: Wa Muke Yi Wa Ado, Kanmu Ko Baƙi?

A watan Maris na shekarar 2022, wata uku kacal bayan na kammala gyaran gidana da ke Gonin Gora, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, na farka cikin dare na tarar mahaifiyata ta shimfiɗa tabarma a ɗan lungun da ke tsakanin katanga da wurin ajiye mota, tana ta fifita da mafici. An ɗauke wuta, ɗakin da na kashe maƙudan kuɗi na ƙawata mata kuma ya koma tamkar tanderu. Da na matsa mata ta koma ciki, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai baƙi ka gyara wa gida, mu kuwa ka bar mu a waje." A daren ban iya ce mata komai ba. Amma tun daga lokacin maganar take ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili, domin na san ba ni kaɗai ba ne na faɗa wannan rami.

Bari in fara da faɗin laifina. Gidan da na saya tsohon gini ne mai ɗakuna uku, da ɗan tsakar gida, da bishiyar mangwaro ɗaya. Na sare mangwaron, na rufe tsakar gidan da kwano na haɗe shi da falo, na sa silin POP mai fitilu kala-kala, na cire tagogin luba na sa na gilashi waɗanda ake turawa gefe, na shimfiɗa tayil mai sheƙi tun daga ƙofa har banɗaki. Mai aikin bai cuce ni ba, abin da na nuna masa a waya shi ya yi mini. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Sai da zafin bazara ya kankama na gane cewa na toshe wa gidan hanci da baki, na kuma ɗora rayuwar iyalina kacokan a kan wutar lantarkin da ba ni da iko da ita.

A matsayina na wanda ya shafe shekaru yana koyar da kimiyyar harshe, abin da ya fi ba ni kunya shi ne, darasin da na kasa ganewa yana nan cikin abin da nake koya wa ɗalibai kowace shekara. Bahaushe yana da ɗafa-goshi na "ma-" wanda yake ƙera sunan wuri daga aikin da ake yi a wurin. Daga dafa aka sami madafa, daga kwanta aka sami makwanci, daga kewaya aka sami makewayi, daga ajiye aka sami ma'ajiya. Banɗaki ma bayan ɗaki ne aka gajarta, wato sunan da kansa ya faɗa maka inda ya kamata a gina shi. Ashe magabatanmu kafin su aza tubali sun riga sun amsa tambayar da mu a yau muke tsallakewa: me za a yi a wannan ɗaki, wa zai zauna a ciki, kuma a wane lokaci na yini? Mu kuwa da muka aro falo da kicin da sito, sai muka aro su tare da hotonsu, muka bar tambayar a baya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina adawa da aron kalmomi. Harshen da ba ya aro ya kama hanyar mutuwa, kuma Hausa ta daɗe tana aro daga Larabci da Barbarci da Turanci ba tare da ta rasa kanta ba. Abin lura kawai shi ne, kalmar Turancin da muka samo falo daga gare ta asalinta Faransanci ce, daga aikatau mai ma'anar yin magana. Wato ko a wurin masu abin, falo wurin hira ne. To mu shiga falukanmu mu gani. Manyan kujeru sun cinye fili, dukkansu sun fuskanci talabijin, an hana yara shiga kada su ɓata, dattijon da ya zo daga ƙauye ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Ɗakin da ya fi kowane girma da cin kuɗi a gidan shi ne wanda iyali suka fi ƙarancin zama a cikinsa. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Shawarata ga mai niyyar gyaran falo ita ce ya rage kujeru, ya bar gefe guda na kafet ko tabarma da tuntuma domin masu son zaman ƙasa, ya jera sauran yadda mutane za su riƙa kallon juna. Idan fili ya ba da dama, ya ware ɗan ɗaki ko rumfa kusa da ƙofar shiga ta yi masa aikin zaure. Wannan batu na zaure yana da nauyi na musamman a wurinmu mazauna kudancin kogin Kaduna. Kowa ya san yadda rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba garin nan gida biyu, aka yi ta ƙaura da musayar gidaje, kuma sunan Gonin Gora bai cika fitowa a jarida ba sai an sami tashin hankali a kan hanya. Amma mu da ke ciki mun san akwai Gbagyi masu ƙasa, akwai Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa da sauransu, kuma da Hausa muke gaisawa da safe. Gidan da ba shi da wurin da maƙwabci zai zauna ya sha ruwa ba tare da ya kutsa cikin iyali ba, gida ne da ke koya wa mutane gaisuwa ta ramin get. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma zumuncin maƙwabta yana daga cikin abin da ke liƙe tsagar.

Sai tsakar gida, wanda nake ganin shi ne huhun gidan Bahaushe. A nan ake shanya da daka da renon yara, a nan ake kwana idan zafi ya tsananta, ta nan kuma zazzafar iskar da ta taru a ɗakuna take samun hanyar fita sama. Na san filayen yanzu ƙanana ne, mai ƙafa 50 a 100 ba zai yi shimfiɗar gidan kakansa ba. Duk da haka, ko taku huɗu a huɗu aka bari a buɗe, aka dasa lemo ko gwaiba ko zogale, aka bar ƙasa tana shan ruwa maimakon a malale ta da siminti, bambancin a fili yake. Simintin da ya sha rana tun safe, da dare yake amayar da zafinsa a kan masu barci.

Ɗakin kwana kuwa, babbar ƙawarsa iska ce, kafin a zo ga gado da labule. Ɗakin da ke da taga ɗaya tak, iska ba ta ratsa shi, sai an yi tagogi biyu a bango daban-daban, an kuma bar ƙananan kafofi can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take yi. Tagar da ake turawa gefe rabinta kaɗai ke buɗewa komai girmanta, alhali luba ko taga mai murfi tana buɗewa kusan gaba ɗaya. Bangon da ke fuskantar yamma shi ke shan ranar la'asar, don haka ya fi dacewa da sito ko banɗaki, ko a kare shi da bishiya ko doguwar baranda. Wani abin da ba a so a tuna shi ne ƙarafan da muke girkewa a tagogi saboda ɓarayi. Ba na cewa a cire su, halin tsaron da ake ciki a gefen garin nan bai bar wa kowa wannan zaɓi ba. Amma lallai a kowane ɗakin kwana a sami taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, makullin kuma yana rataye inda yaro ma ya sani, saboda ranar da gobara ta tare ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da kicin, a nan ne maza muka fi yin karambani. Mai gida da magini su tsara wurin da ba su taɓa tuƙa tuwo a cikinsa ba, su cika shi da kabad-kabad irin na Turai, sannan a yi mamakin ganin uwargida ta fitar da murhun gawayi waje. Girkinmu na daka ne da tuƙi da suya da manyan tukwane, yana son fili da babbar taga da ƙofar da ke fita bayan gida. A yi wata 'yar rumfa mai iska a jikin kicin domin gawayi da turmi, a ajiye tukunyar gas a waje cikin keji mai inuwa a jawo bututu, a nisanta janareta daga tagogin kwana domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba. Sama da duka, a tambayi mai girkin kafin a kira kafinta. Haka ma banɗaki: tayil mai santsi tarko ne ga tsoho da mai juna biyu. A sa mai kaushi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a daidaita gangaren ruwa, a yi masa taga ta gaske.

Wani zai ce, to Malam, so kake mu koma ginin ƙasa? Ko kusa. Na san wahalar yaɓe duk shekara, na san ruwan Kaduna ya fi na Kano da Katsina yawa, na kuma san idanun iyayenmu mata da hayaƙin madafa ya cinye. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Abin da nake cewa shi ne, mun zubar da ilimin tare da tsohon ginin. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizon da har yau masana gine-gine suke zuwa kallo. Duk wanda ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsakar rana ya san sanyin da kaurin bango da tsawon rufi suke bayarwa. A Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu na garin Yama ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986 saboda masallacin ƙasa da ya gina, Mariam Issoufou kuma ta yi aiki da tubalin ƙasa da aka matse da inji a cibiyar Hikma ta garin Dandaji, wadda aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa mai kafofi a makarantar ƙauyensu Gando domin zafi ya riƙa fita, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fagen. Duniya tana ba da lambar yabo a kan abin da mu muke jin kunyarsa.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ma'aikaci irina ba zai kau da kai daga gare shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama bashin da ake biya kowane wata. Kayan adon ma yawancinsu daga ƙetare suke. Nan kusa da mu a Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, aka yi zamanin da yadin da ake sayarwa a kasuwannin Arewa a nan ake saƙa shi, yau kuwa labulen falonmu daga Sin ake shigo da shi. Amma har yanzu maƙeran Panteka suna nan, kafintocinmu suna nan, masu saƙar tabarma da dukawa suna nan, matan Gbagyi ba su manta da ginin randa da tulu ba. Hoton Ladi Kwali muke ɗauke da shi a takardar Naira 20, amma ba ma ganin tukunyar irin tata ta isa ta zauna a falo. Naira ɗayan da aka kashe wa waɗannan masu sana'a a garin nan take kwana.

Saboda haka ina kira ga sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su fitar da sauƙaƙan zane-zane na gyaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi, a rubuta bayaninsu da Hausa yadda birkila da kafinta za su karanta su gane. Mu ma masana harshe akwai namu aikin, na tattara kalmomin magina irin su makuba da katsi da zanko da indararo da ɗaurin guga, kafin tsofaffin da suka san su su ƙare.

Ni dai a bara na kira mai aiki ya kware kwanon da na rufe tsakar gida da shi, na mayar da luba a ɗakin mahaifiyata, na huda kafofi biyu a saman bangonta. Falon ya ragu, baƙi sun daina yabawa kamar da, kuɗin da na kashe da farko kuwa sun tafi ke nan. Na kuma dasa wani mangwaron a gurbin wanda na sare. Da tsohuwa ta ga ina ba shi ruwa, sai ta yi murmushi ta ce ita dai ba lallai ta sha inuwarsa ba, amma jikokinta za su sha. Kafin ka nuna wa magini hoto a waya, ya kai mai karatu, ka fara zagaya gidanka da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, ka tambayi mutanen da ke cikinsa inda yake musu ciwo. Allah ya sa mu dace.