Kar a jira akwatin sarbo ya mutu kafin a tuna da shi

1/ Zare ne, ku yi haƙuri da tsawo. Maganar wani akwati zan yi wanda yawancinku ba ku taɓa gani ba, amma ranar da ya mutu layi guda na masana'anta ke tsayawa, leburori su koma gida ba kuɗin yini. Sunansa sarbo diraif. 🧵

2/ Injin da ke yanka buhu ko leda tsawo ɗaya sau dubu ba kuskure, galibi moton sarbo ne a ciki. PLC ta ba da umarni, akwatin ya ba moto wuta daidai gwargwado, enkoda da ke bayan moton ta kawo rahoton inda aka kai, akwatin ya gyara nan take. Sau dubbai a daƙiƙa ɗaya fa.

3/ Ra'ayina a taƙaice: in akwatin nan ya haura shekara 10 yana aiki dare da rana, ko kamfanin da ya yi shi ya daina ƙera irinsa, a tsara canza shi tun yana numfashi. "Ai yana aiki, bar shi" ba tsari ba ne, caca ce.

4/ Ga dalili. A cikinsa akwai manyan kafasita masu ruwa, kuma ruwan bushewa yake a hankali. Ƙa'idar da aka sani: duk ƙarin zafi na digiri 10, rayuwarsu na raguwa da rabi. To ka tuna Afrilu a Kano, waje ma ya haura 40, balle cikin kabad ɗin da fankarsa ta tsaya, ƙurar hunturu ta toshe matata.

5/ Ka ɗora da wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita, a juya janareta, a sake juyowa. Akwatin da aka yi wa lissafin ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, a Sharada ko Challawa ko Bompai da wuri yake tsufa.

6/ Na gani da idona a wata masana'antar buhu da na yi aiki. Akwati ya fara kawo ƙararrawa jefi-jefi. Oga ya ce a kashe a kunna. Muka yi wata uku muna kashewa muna kunnawa. Wata safiya aka kunna, shiru.

7/ Abin haushin ba mutuwar ba ce. Ba wanda ya taɓa kwafe saitin da ke ciki. Wanda ya kafa injin ya daɗe da barin ƙasar. Kusan mako uku layin na tsaye, muna lalube lamba bayan lamba. Mu masu albashin wata mun sha, 'yan kuɗin yini su suka ji a jikinsu.

8/ Na san me za a ce: "Malam, ka san farashin dala kuwa?" Na sani. Sabo da tsada, ba musu. Amma ka lissafa abin da layin ke fitarwa a yini, ka ninka da kwanakin jiran kaya daga waje, ka haɗa da kwastoman da ya gaji ya koma wani wuri. Araha ba ta ado.

9/ Wani ya ce a nemo na gwanjo irinsa sak. Yana fidda mutum kunya, ban hana ba, a ajiye ɗaya a kan kanta. Sai dai sa'an naka ne, kafasitansa ma sun tsufa, kuma wanda ya daɗe a ajiye ba wuta yana iya fashewa in aka ba shi cikakkiyar wuta kai tsaye.

10/ Gyara ma haka. A canza kafasita da fanka, ya ƙara ja. Lokaci ka saya. Yi amfani da shi ka tara kuɗin sabo, ba ka koma barci ba.

11/ Me ya sa nake nacin tsari? Don sabo ba cire-ka-maƙala ba ne. Tsofaffin da yawa umarnin ±10V suke karɓa, na yanzu kuma EtherCAT ko PROFINET. Wani moton rizolba gare shi, sabon akwatin enkoda yake so. Misali, mai tashi daga SIMODRIVE 611 na Siemens zuwa SINAMICS S120 sai ya duba moto, waya da manhaja duka. Wannan aikin hutun sallah ne, ba na tsakar oda ba.

12/ Abin da za ka iya yau, kusan kyauta:
• kwafe saiti a filashi, ka kuma buga a takarda
• ɗauki hoton farantin bayanan moto da na akwati
• duba batirin enkoda in akwai, in ya mutu wuta a kashe injin ya manta matsayinsa
• share matata, ka tabbatar fanka na juyawa

13/ Gargaɗi, don Allah. Wutar 400V in ta shiga akwatin tana zama kusan 560V a kan kafasita, kuma tana nan bayan an kashe. Jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, ka auna da mita, sannan ka sa hannu. Ba jarumta a nan.

14/ Ƙannena masu karatun lantarki a poli da jami'a: ga fage. Masu haɗa waya suna da yawa, masu iya saita sarbo da karanta PLC kaɗan ne, shi ya sa ake ɗauko mutum daga Legas ko waje. In an tura ka sanin makamar aiki, maƙale wa mai buɗe kabad ɗin, ka sauke littafin akwatin a wayarka ka karanta.

15/ Masu masana'anta kuma, tambaya ɗaya: in akwatinku ya mutu daren yau, saitinsa na hannun wa? In amsar ita ce "bari in tambaya", gobe da safe a fara da wannan.