Karatun shekara 3 ya ƙare cikin shekara 3

Jama'a 'yan kasuwa, maza da mata, yau zancenmu a kan ɗiyanmu ne da ke karatu a jami'a.

Can baya, yaro in ya samu bak, sai dai ya kama hanyar Yamai, don jami'ar gwamnati guda ce tak a ƙasa, wadda aka sa harsashinta a 1971, yanzu take ɗauke da sunan Abdu Mumuni. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'i, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan abin godiya ne. Ɗiyar mai tuyar ƙosai tana iya kwana ɗakin uwarta, da sahe ta tahi aji.

To amma gina jami'a daban, samun ilimi cikinta daban. A tsarin da ake bi, lisansi karatun shekara 3 ne. Sau da yawa shekarar karatu ba ta ƙarewa kan lokaci, sai ta hau kan ta gabanta. Yau ɗalibbai sun fita saboda kuɗin bursu sun makara, gobe malamai sun shiga yajin aiki, kamar yadda aka yi ta fama a 2018 da 2019 kan batun naɗin shugabannin jami'o'i. In an komo, darasin wata 4 sai a dunƙule shi cikin 'yan makwanni, yaro ya hardace, ya rubuta jarrabawa, ya mance.

Wa ke biyan wannan asara? Ku ne. Duk watan da ya ƙaru, kuɗin hayar ɗaki ne, da na kabu-kabu, da na hoton takardu, da na abinci, kuma daga cikin jari ake zare su jika-jika. Mai saida atamfa ba ta yarda a auna mata yadi 5 a ce 6 ne. Don mi za mu yarda da haka ga karatun ɗiyanmu?

Muna kira ga gwamnati ta riƙa biyan bursu da hakkokin malamai kan lokaci, ta ƙara azuzuwa da malamai daidai da yawan masu samun bak. Malamai da ƙungiyar ɗalibbai ta USN su ma su tuna, ranar da aji ya kwana ruhe ba ta dawowa.

Ku kuma uwaye, aika kuɗi kaɗai bai isa ba. Ko ba ku yi lakwal ba, ku tambayi yaro: kwana nawa kuka shiga aji watan ga? Yaushe ne jarrabawa? Ina sakamako? Ku haɗa kai ku tahi ku ga hukumar jami'a, kamar yadda kuke haɗuwa in an ƙara kuɗin rumfa.

Allah shi sa albarka ga karatun ɗiyanmu, amin.