Ba A Fafe Gora Ran Tafiya

Makon jiya na sami takarda daga wani malamin makaranta, mai karanta wannan shafi. Ya ce 'yarsa ta sami shiga wata sabuwar jami'a don koyon ilmin haɗa magunguna, har ya sayar da bijimansa biyu ya tanadi kuɗin shekarar fari. Sai ga shi ya ji ana raɗe-raɗin wai hukuma ba ta amince da sashen ba tukuna. Ya ce in gaya masa gaskiya, ya biya ko kuwa ya dakata?

Malam, ka kyauta da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Na ga ya fi kyau in amsa maka a fili, don na tabbata iyaye da yawa na cikin irin wannan zulumi.

Tun 1930 aka buɗe makarantar koyar da disfensoshi a Zariya. A zamanin nan ta Gwamnati ce, wanda ya fito da takardarta ba mai yi masa wata tambaya. Yau kuwa jami'o'i sun yawaita, ga na Tarayya, ga na jihohi, ga na masu zaman kansu. Wannan abin murna ne, gama asibitocinmu na bukatar masana magani. Amma ku sani, ko wane sabon sashe yana da ƙofa biyu da sai ya bi, ko wace kuwa da nata mai gadi.

Ƙofar fari ta Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ce, wadda a ke kira NUC. Ita ke aiko mutane su duba malamai da ɗakunan gwaji da littattafai kafin a fara ɗaukar ɗalibai. In karatu ya kankama su sake dawowa. Hukuncinsu iri uku ne: ko cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, watau shekara 2 a gyara abin da ya rage, ko kuwa a hana, a tsai da ɗaukar sababbin ɗalibai.

Ƙofa ta biyu ita ce mutane suka fi mantawa. Ita ce ta Majalisar masu haɗa magunguna, watau PCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 91 ta 1992, aka kuma sake mata doka a 2022. Jami'a ke ba da digiri, amma lasin aiki a hannun wannan Majalisa ya ke. Ita ma tana da nata masu dubawa, tana kuma yanka wa ko wace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya yi shekara 5 yana karatu, ko 6 in digirin nan ne na Pharm.D. In ya gama sai Majalisa ta rantsar da shi, ya yi shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin wanda ya ƙware, ya ci jarrabawarta, kana a sa sunansa a rajista. In ba ta amince da makarantarsa ba, tun a matakin fari zai tsaya. Asibiti ba za ta ɗauke shi a wannan matsayi ba, ba kuwa zai buɗe kantin magani da sunansa ba.

Na ga wannan da idona. Ɗan wani maƙwabcina yana cikin rukunin fari na wani sabon sashe. Ya gama, aka yi walima, aka yanka rago. Ya zauna gida wajen shekara biyu yana jiran ran rantsarwa, tsararrakinsa na wasu makarantu kuwa har sun fara karɓar albashi. Daga baya an daidaita, amma wa zai biya shi kwanakin da suka wuce?

Kada a ce na kushe sababbin makarantu. Ko wace babbar makaranta da jaririyarta ta fara, ba kuwa yadda za a yi a ba ta cikakkiyar amincewa tun ba a ga ɗalibanta a bakin aiki ba. Sai dai rukunin fari su ke taka gadar kafin a san ƙarfinta.

Saboda haka, Malam, ga shawarata. Tafi da ƙafarka, ka nemi shugaban sashen, ka ce ya nuna maka takardar NUC da ta PCN, ka duba kwanan watansu. Tambayi ɗalibai nawa aka yanka musu, nawa kuma suka ɗauka, don wanda ya haura adadin yana cikin hatsari. Sa'an nan ka bi ta ofishin Majalisar na jiharku ka ji daga bakinsu. In maganar biyu ta zo ɗaya, biya da bismilla. In aka ce maka takarda tana hanya, riƙe kuɗin bijimanka har ta iso.

Ku kuma masu makarantu, ku ji tsoron Allah, ku faɗa wa iyaye matsayinku tun kafin ku karɓi kwabonsu.

Allah ya ba yarinya sa'a, amin. Sai mako mai zuwa in muna da rai.