Zuwa Biki Da Yawon Ganin Namun Daji Da Ƙaramin Yaro

'Yan'uwana mata, ga kaka ta wuce, amfanin gona ya shigo gida, bukukuwa sun kankama. Kowace tasha kika leƙa za ki ga mata da goyo, wannan za ta auren ƙanwa a Gombe, waccan za ta suna a Azare. Zumunci a ƙafa yake, ba mai musun haka. Amma akwai wanda ba a shawara da shi in za a tashi, alhali kuwa shi ya fi kowa shan wuya, wato yaro ɗan shekara 1 zuwa 3. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne a tafi da shi, amma a tsara tafiyar daidai ƙarfinsa.

Tun kafin ranar tashi, ki duba katinsa na asibiti. Ana yin allurar rigakafin ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Gidan biki matattarar yara ce daga gari-gari, rani kuwa lokacin ƙyanda ne da sanƙarau. In bai yi ba, ki kai shi tukuna.

A kama hanya da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki zauna da shi a kujerar baya. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko da na ɗan lokaci ne. Ki tafasa ruwansa a gida ki zuba a filas, ki ɗauki kofinsa da cokalinsa da gidan sauro. Kada ki manta da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, domin gudawa tana saurin ƙarar da ruwan jikin yaro. In babu, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ku isa asibiti.

To, babban haɗarin yana cikin gidan bikin. Ga manyan tukwane a kan murhu a tsakar gida, ga man suya yana tafasa, ga rijiya a buɗe saboda masu ɗiba. Yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana zaton yana wurin wani. Wata uwar kuma, musamman mai ɗan fari, kunyar surukai ke hana ta ko tambayar inda yake. Kunya ado ce, amma ba ta warkar da ƙuna. In ba za ki iya nemansa a gaban mutane ba, ki damƙa shi ga babbar mace guda ɗaya wadda ta san amana ce aka ba ta. A hana ba shi gyaɗa da alewa mai tauri, don suna shaƙe yara.

Ku kuma 'yan makaranta, ku aka fi bai wa raino a irin wannan rana. In kina son zuwa kallon kamu, ki mai da yaro hannun uwarsa, ki faɗa mata da baki. Kada ki ajiye shi a zaure ki ce yanzu za ki dawo.

Sau da yawa in biki ya kai iyali ƙasar Bauchi, maigida yakan ce a biya Yankari. Wannan abu ne mai kyau, kuma bai kamata a bar mata da 'yan mata a gida ba. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani namun daji sukan taru a bakin Kogin Gaji, inda mai sa'a zai ga giwa da ɓauna da gwanki da dorina. Abin da yarinya ta karanta a aji, ga shi ido da ido.

Sai dai a tuna, ɗan shekara 2 ba zai riƙe komai daga wannan kallo ba, ƙura da jijjiga da cizon tsando kawai zai samu. Ya fi kyau babba ɗaya ya zauna da shi a masaukin Wikki, a yi karɓa-karɓa. In dole a shiga daji da shi, a sa masa riga mai dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi, don su ne ke jawo tsando. Kada ya riƙe abinci a fili, gwaggon biri ya saba ƙwace a masaukin. Ruwan Wikki kuwa, ɗuminsa kimanin digiri 31 ne dare da rana, ga shi garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, shi ya sa yake ruɗin ido. Yana da wurare masu zurfi, saboda haka kada ki saki hannun yaro a bakinsa.

Daga ƙarshe, ki roƙi maigida a sa kwana ɗaya na hutu tsakanin biki da Yankari, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a tashi. In kuɗi ko lokaci bai kai ba, a dawo gida, dajin yana nan har yaro ya yi wayo. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.